Katantanwar Gidan Ƙosau

Ku matso kusa, ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Barmo ɗan Jigo, baduku ɗan baduku, wanda ƙafarsa ta ƙi zaman gida. Na taka ƙasar da rana ke fitowa sau biyu a yini, na sha ruwan kogin da ke gudu zuwa tudu, na sa hannu a akushin sarakuna, na kuma sa a ƙwaryar masu kwasar bola. Duk cikin abin da idona ya gani, babu wanda har yau yake tayar mini da zuciya in na tuna shi kamar abin da na tarar a birnin Kwaramanda, bakin Tafkin Amo.

Wani falke ne ya jawo mini tafiyar. Ya kawo gyaran sirdi, ina ɗinki yana zuba. Ya ce can ƙarshen gabas akwai tafkin da ake tsamo wata irin katantanwa mai girman dunƙulen hannu. In ka yi magana a bakinta ka toshe da kakin zuma, sai ta riƙe maganar. Duk ranar da aka ɓare kakin, sai ta maimaita da muryarka, har da jan numfashinka, a sake toshewa a ajiye. In kuwa ta fashe, sai ta saki abin da ke cikinta da ƙara ɗaya, shi ke nan ya tafi. Ban ɓoye muku ba, kwaɗayi ne ya kama ni. Na ce in na kawo irin wannan guda goma fadar sarakuna, ni da warin jima har abada.

Na ɗora wa jakuna biyu takalma da jakunkuna da kube, na kama hanya. A wata na uku na shiga Dajin Birai Masu Ciniki. Su ba sa sata. Sukan sauko ne su duba kayanka a tsanake, su ɗauki abin da ya yi musu, su ajiye maka abin da suka ga ya dace. Suka kora jakunana da kayansu duka, suka dire mini kwandon ɓaure rabinsa ruɓaɓɓe. Na yi gardama, sai babbansu ya dube ni kamar na ba shi kunya, ya ƙara mini goruba ɗaya. Daga nan na iso Kwazazzabon Iska, inda babu gada, sai dai mutum ya baza rigarsa iska ta ɗauke shi ta dire a wancan ƙetaren. Ta dire ni lafiya, amma ta riƙe rawanina da takalmana. Haka na shiga Kwaramanda, ƙafa ba takalmi, ba ni da komai sai basillar ɗinki da na soke a hula.

Birni ne hawa biyu. A kan tudu gidajen attajirai, farare fat, har suna kashe ido. A gindin tudu, bakin ruwa, bukkokin masu nutso da masunta. Kwana uku ina zagayawa ina neman aiki, ba wanda ya dube ni. Ran na uku jiri ya fara ɗibana. Wata mai tallan ruwa ta ga yadda nake dafa bango, ta ce, "Bawan Allah, hau tudu ka nemi gidan Ƙosau. Kullum yana ciyarwa." Ta faɗi haka idonta na kallon ƙasa, ban gane dalili ba sai daga baya.

Na tarar da layi a ƙofar gidan, tsofaffi da guragu da mata masu goyo, kowa ya yi shiru. Ɗaya bayan ɗaya ake shiga wani ɗan ɗaki da suke kira ɗakin godiya. Da layi ya zo kaina, na sami wakilin gidan, Bagudu, a zaune kan buzu, ƙato mai tumbi, yana sakace haƙori. Gefensa kasko da garwashi. Wani bara ya kara mini katantanwa a baki. Ashe abin da na ƙetare duniya dominsa ke nan.

"Faɗi damuwarka a ciki," in ji Bagudu.

Na ce ni baƙo ne, birai sun raba ni da kayana, kwanana uku ban ci ba.

Ya tofar da abin da ya sakato. "Wannan ai labari ne, mu kuka muke so. Uwarka na da rai?"

"Tana nan."

"Ta san kana yawo ba takalmi kamar mahaukaci? Kira ta. Kira ta yadda kake kiranta kana tsumman goyo."

Na yi turus. Sai ya ɗebi garin barkono ya watsa a garwashi, bara ya danna kaina cikin hayaƙin. Hawaye da majina suka ɓalle mini, murya ta sarƙe. Ga kuma ƙamshin tuwo yana shigowa daga bayan labule. Jama'a, na kira ta. Ni da gemuna, na yi ta kiran Inna ina shessheƙa, har Bagudu ya ce ya isa, aka toshe da kaki. Aka miƙo mini malmalar tuwo mai sanyi da ɗan hatsi a tsumma, rabinsa ƙaiƙayi. Na laɓe bayan katanga na cinye tuwon hannu baka hannu ƙwarya, ban kai gindin tudu ba na amayar da rabi.

Ina bakin tafki ina kuskure baki, sai na ji an ce, "Kai baƙo, idonka na gani sosai?"

Wani tsoho ne zaune a inuwar jirgi, taru a cinyarsa, kunnuwansa toshe da auduga.

"Zo ka taimake ni. Tarun nan ya yage, ni kuwa idona ya ƙi."

Na zaro basilla na zauna. Muna cikin aiki wata mace ta fito daga bukka da ƙwarya, ta ajiye tsakaninmu ta ce, "Masu aiki, ga abinci." Kifi ne da ɗan dambu. Tsohon ya ce, "Bisimilla, ɗana, wanda ya yi aiki ba a yi masa tayi sau biyu." Sai da na ƙoshi na lura cewa yagewar tarun ba ta kai tafin hannu ba, ko makaho ya ɗinke ta. Rigata kuwa tana ta warin hayaƙin barkono, wanda duk ɗan garin ya san inda ake samo shi. Daga shi har ita ba wanda ya tambaye ni daga ina nake.

Sunansa Tunau, ita kuma 'yarsa ce Hansai, mijinta ya nutse a tafkin bai fito ba. Shekara arba'in Tunau yana nutso yana tsamo katantanwa, har ruwa ya fasa masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji. Ya ba ni wurin kwana a rumfar jirginsa. Wata rana na tambaye shi ko ya taɓa hawa tudu. Ya ce, "Ni na ɗauko su daga ƙasan ruwa, na san abin da ake yi da su a da. Matafiyi ya bar wa iyalinsa sallama a ciki, uwa ta bar wa 'ya'yanta wasiyya. Yau an mai da su tukunyar tara hawayen mutane. Gara a fitar da gawata daga bukkar nan da in buɗe baki a ɗakin can." Duk unguwar ta san ya faɗi haka, har kan tudu an sani.

Bayan kwana ashirin ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Jirgi ya daina fita, tukunya ta daina hawa murhu. Ni kuwa na koma gidan Ƙosau na ce na iya ɗinka wa katantanwa gidan fata. Na gaya wa kaina don in kawo musu abinci ne, kuma ina kawowa, amma gaskiya har da alkawarin da Bagudu ya yi mini na katantanwa biyu in rani ya ƙare. Ba a jima ba ya ga hannuna ba ya rawa, ya mai da ni mai kara wa mutane a baki.

A nan na ga abin da ake yi da su. Attajiran Kwaramanda in sun ci sun ƙoshi, ba makaɗi suke kira ba. Sai a kawo kwando, a ɓare kaki, su kishingiɗa suna sauraren yadda wata ta binne 'ya'yanta uku, ko yadda wani ya ci ɓawon rogo. An ware su kwando-kwando, na gwauraye daban, na makafi daban, na kutare daban. Har gasa suke yi, a ga ta wa ta fi sa baƙi hawaye, a ce shi ya fi kowa alheri a shekarar.

Ran nan da hantsi wata mace ta shigo ɗakin godiya ta rufe fuska da gyale. Da na kara mata katantanwa, muka haɗa ido. Hansai ce. Bagudu ya fizge gyalen, ya dube ta, sai ya washe baki.

"A'a! 'Yar Tunau? Tunau mai cewa gara gawarsa? Yau take salla! Me kike so, 'yan mata?"

"Hatsi, da maganin ƙirji," in ji ta.

"Za ki samu. Amma ba taki damuwar nake so ba. Ba ni labarin tsohon. Yaya yake kwance? Wa ke juya shi? Wa ke wanke shi?"

Ba a buƙaci barkono ba. Ya yi ta tona ta da tambaya, tana amsawa, ni ina riƙe da abin a bakinta, na rasa inda zan sa idona. Da ta gama, ya ɗaura wa katantanwar jan zare da hannunsa, ya ce wannan ta ranar Alhamis ce, ranar bikin cika rumbu. A ranar akan kara katantanwa a bakin wani babban ƙaho da ke kan soro, a ji ta har bakin tafki.

Da la'asar na tarar da ita a kan hanya, ta tsaya da ƙullin magani a hannu.

"Malam Barmo, ba ka gan ni ba."

"Ban gan ki ba."

"Shi ba zai ji ƙahon ba. Amma maƙwabta za su ji, zai kuma gani a fuskarsu. In ya sani, ba ciwon ne zai kashe shi ba."

Na shiga neman dabara. Ana jibi biki, Ƙosau da kansa ya sauko duba kwanduna, dogon mutum mai laushin murya, ya toshe hanci da gefen rawani. Na ɓoye katantanwa marar komai a hannun riga, na matsa kusa kamar mai kakkaɓe ƙura. Ya ce, "Bagudu, a ƙara ƙaiƙayi a hatsin nan. Na lura in suka ƙoshi kukansu ba ya daɗi. Kuma a wanke dakalin da suke zama, warinsu na hana ni cin abinci." Na toshe da kaki, na kwance jan zaren na ɗaura mata. Ta Hansai kuwa na cusa ta a ƙugun wandona. Raina fari ƙal, na ce ranar Alhamis asirin Ƙosau zai tonu a gaban manyan gari.

Ranar ta zo. Tun hantsi aka cika soro da baƙi, aka jera raguna gasassu, maiƙo na bin gemu yana ɗiga a kan alkyabba. Aka tsayar da ni a bakin ƙaho, kusa da manyan kwanduna shida, a saman matakalar dutse mai gangarawa tsakar gida. Bagudu ya miƙo mini ta farko na ɓare. Sai na ji muryata tana kiran Inna, ta cika gari.

Ƙosau ya nuna ni da ƙashin haƙarƙari. "Ga mai muryar nan tsaye. Ku dube shi yanzu, har ya yi ƙiba a gidana."

Aka yi ta tafi. Wata mata mai awarwaro har gwiwar hannu ta ce, "Allah sarki, bawan Allah," tana share hawaye da hannu ɗaya, ɗayan kuma tana zuƙar ɓargo da shi. Aka ce in sake sa ta. Na sake.

Can Ƙosau ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce yau za su ji abin da ba a taɓa ji ba, gidan Tunau mai girman kai ya durƙusa. Na ɗauko mai jan zare, na ɓare, na kara a ƙaho. Muryar Ƙosau ta fito tangaran, da ƙaiƙayinta da warinta, ba abin da ya ɓace.

Soro ya yi shiru. Na ce a raina, Ƙosau, yau ka gama yawo. Sai wani tsohon attajiri da ba haƙori a bakinsa ya buga cinya ya ƙyalƙyale.

"Ƙaiƙayi? Kai Ƙosau, ashe kai mai tausayi ne! Ni yashi nake sa wa!"

Sai dariya ta ɓarke. Wani ya ce shi yakan bar su a rana tun safe don murya ta dushe. Mai awarwaro ta yi dariya har ta ƙware. Wani ya ce a sayar masa da wannan, ta fi duk sauran daɗi. Na tsaya ina kallon bakunansu a buɗe, da naman da ba su gama taunawa ba. Ni da na zaci zan tona asiri, ashe babu wani asiri, kowa a soron ya sani, kowa haka yake yi.

Ƙosau ma yana dariya, amma idonsa na kaina. Ya ɗaga gira, majiya ƙarfi huɗu suka taso ta hanyar da zan bi. Ba ƙofa sai matakala, ga kwanduna a gabana. Na sa ƙafa na tunkuɗa na farko, ya bugi na biyu, na bi sauran da kafaɗa. Katantanwa ɗari-ɗari suka gangara kan dutse suna fashewa.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, ba na kuma fatan in sake ji. Kukan shekara da shekaru ya fito lokaci ɗaya, na tsoho da na mace da na makaho, ya haɗu ya zama rugugi guda, ba mai iya tsintar kalma ɗaya a ciki, balle ya ce wannan muryar wane ce. Soro ya girgiza. Dawakin baƙi suka tsinke igiya. Majiya ƙarfin suka toshe kunne suka durƙusa, Bagudu ya faɗa cikin tukunyar miya, baƙi suka yi ta tattake juna. Ni kuwa na bi ta kan ɓaraguzan, suna yanka mini tafin ƙafa, na fice.

Na iso unguwar masu nutso na tarar kowa a waje. Wani gurgu da nake gani kullum a layi ya cafke mini riga.

"Kai ne ka yi wannan? To, madalla! Kai gobe kana garinku. Mu fa? Wa zai ba mu ko ƙaiƙayin?"

Wata tsohuwa ta ce, "Sake shi, Nomau. Tawa muryar na cikin kwandon nan shekara shida. Yau na fita daga bakinsu." Ya ce fita daga baki ba ya cika ciki. Na bar su suna musu, har yanzu kuma ban san wanda zan ba gaskiya duka ba.

Na shiga bukka na zaro katantanwar Hansai zan miƙa mata a ɓoye, ashe idon Tunau biyu. Ya miƙo hannu, ba yadda za mu yi. Ya auna ta a tafinsa.

"Cike take," in ji shi. "Ta wa ce?"

Ya dubi 'yarsa, ya dubi ƙwaryar maganin da ke gefen kansa, ya daɗe yana kallonta. Hansai ta durƙusa. Bai taɓa kakin ba. Ya kamo hannunta ya danƙa mata.

"Ɗauki jirgi ki fitar mini da baƙona, kafin mutanen Ƙosau su sauko. In kin kai tsakiya ki mayar da wannan inda na ɗauko ta. Ki dawo da wuri, lokacin shan maganina ya kusa, kin san ba na iya ɗaga ƙwaryar ni kaɗai."

Ta tuƙa mu, ina kwance a cikin jirgi an rufe ni da taru. A tsakiyar tafki ta tsaya, na ji ƙarar faɗawar abu a ruwa, ta ci gaba da tuƙi. Da muka taɓa wancan gaci, ta yaye mini tarun.

"Malam Barmo, na san ku matafiya, bakinku ba ya riƙe labari. In za ka ba da namu, ka faɗi na Ƙosau duka, kada ka rage masa komai. Amma abin da na faɗa a ɗakin can, ka ji shi ne don ba yadda na iya."

Na ce, "Na ji, Hansai."

Ta juya jirgi, ba ta waiwayo ba.

Na dawo gida bayan shekara biyu, hannu wofi, na koma kan fatuna da warin jima. Ban san ko Tunau ya tashi ba. Ban san abin da Nomau ya ci washegari ba, wannan kuwa yana damuna fiye da yadda kuke zato. Shekara talatin ke nan ina ba da wannan hikaya, kuma duk inda na ba da ita sai an sami mai matsowa ya rage murya ya ce, to wai me ta faɗa? Na ga ma wasunku sun fara gyara zama. Na gaya muku yadda na kira uwata ina majina, don wannan nawa ne, ina da ikon bayarwa. Nata kuwa, da shi za a sa ni a rami. Ku tashi haka nan, hikaya ta tsaya, ni ma ɗinki na jirana.